Tun rasuwar mahaifiyata addu'a ta gagare ni, ina neman shawara

Mai tambaya:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ku yi mini uzuri ban sa sunana ba, akwai waɗanda suka san ni a nan. Ina koyar da yara a makarantar Lahadi a wata ikkilisiya a Kaduna. Mahaifiyata ta daɗe tana fama da ciwon ƙoda, har ta kai ga wankin ƙoda. Mun sayar da filin da babanmu ya bari, na sayar da mashin ɗina. Ikkilisiya ta yi azumi, matan zumunta sun zo gida sun yi addu'a har da hawaye. Gab da Kirsimeti ta rasu.

Tun daga nan, in na durƙusa sai bakina ya yi nauyi. In buɗe Littafi Mai Tsarki, ido na kan rubutu, zuciya na asibiti. Ba zan ɓoye muku ba, haushin Allah nake ji. Ran Lahadi kuma in tsaya gaban yara ina ce musu Allah yana jin addu'a, sai in ga kaina munafuki. Wani da ya zo ta'aziyya ma cewa ya yi da bangaskiyarmu ta kai, da Mama ta tashi. Wannan magana ta hana ni barci.

A da ko a hanya nake ina hira da Ubangiji. Yanzu shiru. Wannan fushin zunubi ne? In ajiye koyarwar? Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, yaya aka yi zumuncinsa da Allah ya dawo?

Wata uwa, 'yar Zumuntar Mata daga Michika:
Sannu ɗana, Allah ya ba ku haƙuri. Ni 'yar EYN ce, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. A watan Satumba na 2014 muka gudu daga Michika saboda Boko Haram da kayan jikinmu kawai, muka fake a Mubi, a ƙarshen Oktoba Mubin ma ta faɗi, har hedkwatarmu ta Kwarhi. Maigidana bai fita ba. A Yola, in ana waƙa a sujada, ina zaune kamar dutse. Ni da nake ja wa mata waƙa!

Ba wa'azi ne ya kwance mini baki ba. Wata tsohuwa ce da muke kwana ɗaki ɗaya. Kullum da asuba takan kama hannuna ta yi addu'a da harshenmu, ba ta taɓa cewa in yi ba. Ni dai amin kawai nake iya cewa, wata rana ma ba na cewa. Daga baya na fara yi wa Allah faɗa da dare, ina tambayarsa ina yake a ranar nan. Kuka nake, amma aƙalla da shi nake magana. Daga nan hira ta soma dawowa, a hankali ƙwarai. Har gobe ban sami amsar tambayata ba, ɗana, amma na same shi. Ka nemi mutum ɗaya da zai riƙa ɗaukar maka addu'a.

Fasto mai ritaya, Jos:
Ɗana, bari in fara da maganar mai ta'aziyyar nan, domin ta ɓata mini rai. Ba koyarwar Littafi ba ce. Elisha da ya ta da ɗan matar Shunem daga matattu, ciwo ne ajalinsa, duba 2 Sarakuna 13:14. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya daga jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alheri ya ishe shi. Shi da kansa ya bar Tarofimas a Militus ba shi da lafiya. Wa zai ce bangaskiyar waɗannan ba ta kai ba? Ku da kuka sayar da gado don jinyar uwa, kada kowa ya ɗora muku laifin mutuwarta.

Batun fushi kuwa, karanta Yohanna 11. Marta ta tari Yesu da cewa da yana nan da ɗan'uwanta bai mutu ba. Maryamu ta zo ta maimaita. Ƙorafi ne wannan, a gaban idonsa. Bai tsawata musu ba, kuka ya yi. Zabura 13 sau huɗu tana tambaya har yaushe. Zabura 88 kuwa a duhu ta ƙare, ba ko kalmar yabo a ƙarshenta, kuma Allah ya bar ta cikin littafinsa. A Ayuba 42:7, abokan da suka yi ta kare Allah da dogon jawabi su ya yi fushi da su, Ayuba mai ƙorafi kuma Allah ya ce shi ne ya faɗi gaskiya a kansa.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne shirun, ba fushin ba. Bawa kan haɗiye maganarsa don tsoron maigida, amma a Yohanna 15:15 Yesu ya ce ya daina kiranmu bayi, abokai ne mu. Faɗa masa yadda ka faɗa mana. In kalma ta ƙi fita, karanta Zabura 13 da ƙarfi, ta zama addu'arka ta ranar.

Wani matashi daga Kafanchan:
Ɗan'uwa, a ganina ka ɗan ajiye koyarwar, ko na wata biyu ne. Ni da ƙanwata ta rasu na dage da kiɗa a coci, sai na wayi gari na tsani zuwa ma. Ka je ka zauna a benci a yi maka hidima kai ma.

Wata malamar jinya:
Ni kam ba na so ya ajiye gaba ɗaya, kada ya kulle kansa a ɗaki. A ba shi mataimaki dai. Yayana, kana cin abinci? Wanda ya yi dogon jinya jikinsa ma yakan rushe. A 1 Sarakuna 19, da Iliya ya roƙi mutuwa, mala'ika abinci da ruwa ya kawo masa, ya bar shi ya yi barci, ya sake ciyar da shi, sai daga baya aka yi magana a Horeb. In rashin barcin ya ci gaba, ko ka fara jin gara ka mutu, don Allah ka ga likita, kada ka jira. Neman magani ba rashin bangaskiya ba ne.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Mama, Baba Fasto, da ku duka. Baba, jiya da dare na karanta Zabura 13, ban iya wuce aya ta biyu ba, amma na karanta da ƙarfi. Na yi magana da dattijon da ke kula da makarantar Lahadi, ya ce zai haɗa ni da wani mu riƙa karɓa-karɓa har bayan Ista. Maganar likita ma na ji, ran Litinin zan je. Saura ƙanina, shi tun ranar jana'iza bai taka coci ba, kuma ba ya son a tayar da zancen. Mama, in same shi da maganar ko in ƙyale shi tukuna?

Uwar daga Michika:
Kada ka yi masa zancen coci yanzu. Ka kai masa abinci ku ci tare, ka gaya masa kai ma addu'a tana ba ka wuya. Ni kuma zan sa ku biyun a addu'ar zumuntarmu ta wannan mako.