Muhawara: Mutuwar wuri ce ta sa ake son Firefly?

Malam Bashir: Jama'a, ga maganar da zan ajiye. Ƙaunar da ake yi wa Firefly, shirin nan na kaboyi a sararin samaniya da Joss Whedon ya ƙirƙira, tashar Fox ta Amurka ta haska a 2002, mutuwar wuri ce ta jawo ta. Kashi 14 kacal aka ɗauka, 11 aka nuna kafin a soke shi a watan Disamba. Bai kai lokacin da dabara ke ƙare wa marubuta ba. Da ya yi zango biyar, da tuni an manta da shi.

Hajiya Rabi: Malam, shirye-shirye nawa aka soke a zangon farko ba wanda ya waiwaye su? Abin da ya riƙe mutane shi ne yadda aka gina labarin a kan neman abinci. Mutum tara ne cikin tsohon kumbon dakon kaya mai suna Serenity, a shekarar 2517, ba su da ko bindigar yaƙi a jikin kumbon. Kullum lissafinsu mai, kayan gyara da kason kowa, kamar direban tsohuwar gingimari da yaran motarsa. Duba wannan: tun a kashin farko Kaylee, bakanikiyar kumbon, ta roƙi Kyaftin Mal ya sayi sabon ƙarfen nan na injin da take kira kwamfireshan kwayil, ya ƙi. A kashi na 8, "Out of Gas", wani ɗan ƙaramin sashensa ne ya lalace. Wuta ta tashi, Zoe, mataimakiyar Mal, ta ji mummunan rauni, injin ya tsaya, na'urar iskar shaƙa ta mutu, sanyi ya fara shiga. Sauran suka rabu cikin ƙananan jirage biyu, Mal ya zauna shi kaɗai yana jiran mai taimako. Wanda ya shuka abu a kashi na 1 ya girbe shi a na 8 ya san aikinsa.

Yaya Auwal: In ƙara a kan na Hajiya. Mutanen 2002 ba su ma ga shirin yadda aka tsara shi ba. Fox ba ta gamsu da kashin buɗewa mai tsawon awa biyu ba, sai ta sa Whedon da Tim Minear suka rubuta "The Train Job" cikin gaggawa, aka fara da shi ranar 20 ga Satumba. Kashin da ke gabatar da kowa, wanda ya nuna yaƙin Kwarin Serenity da yadda likita Simon ya shigo da ƙanwarsa River a ɓoye cikin akwati, shi aka haska a ƙarshe, ranar 20 ga Disamba. Ga shi daren Juma'a ne, ga wasannin besbol suna ture shi a wasu makonni. Kasuwarsa ta buɗe ne da faifan DVD ya fito a ƙarshen 2003 da jerin da ya dace, har da kashi uku da Fox ba ta nuna ba. Waɗanda suka kalle shi a jere ne suka riƙe shi.

Malam Bashir: Auwal, na karɓi batun jeri. To amma a 2005 kamfanin Universal ya ba shi dama ta biyu da fim ɗin Serenity. An kashe wajen dala miliyan 39, abin da ya shigo daga silima a duniya wajen miliyan 40 ne kawai, kuma gidajen silima na cire nasu kason. Masoyan suna da murya, amma ba su da yawa. Sannan fim ɗin ya kwance sirrin Reavers, mutanen nan masu cin naman mutane, ya ce wani sinadari ne da gwamnati ta zuba a iskar duniyar Miranda. Tsoron da suke bayarwa a shirin ya fi ƙarfi lokacin da ba a san asalinsu ba.

Malama Zainab: Kuɗin silima ba ya auna abin da muke muhawara a kai, Malam. Ku dubi aikin kyamara. A sarari babu iska, don haka in kumbo ya wuce ko wani abu ya fashe a waje, ba ka jin ƙara, sai kiɗa. Hotunan kwamfuta ma an yi su kamar mutum ne riƙe da kyamara a kafaɗa, hoto ya girgiza, ya dushe, sannan ya daidaita. Wannan ya ci musu lambar Emmy a 2003. Cikin kumbon kuwa manyan dakali biyu aka gina, benen sama da na ƙasa, kowanne a haɗe, shi ya sa kyamara ke bin mutum daga wurin matuƙi har teburin cin abinci ba yanka. Dawakai kuma suna da dalili. Gwamnatin Alliance ta jibge talakawa a duniyoyin gefe ba kayan aiki, kuma doki yana haihuwa, ba ya jiran safaya. Shi ya sa garken shanu a cikin kumbo a ƙarshen "Shindig" bai yi kama da wasa ba.

Yaya Auwal: Akwai inda Malam Bashir yake da gaskiya. An ce Amurka da Sin ne suka haɗe suka kafa Alliance, 'yan wasan suna zagi da Sinanci, rubutun Sin ko'ina, amma cikin taurari taran babu ɗan asalin Sin ko ɗaya. Kuma su Mal, masu jar-ƙasar kwat da suka sha kashi a yaƙi, an ɗauko siffarsu ne daga 'yan Kudu da suka faɗi a yaƙin basasar Amurka, aka cire batun bauta. A kashi 14 ana iya kawar da kai. A kashi 80 dole a amsa.

Hajiya Rabi: Ai amsar ce muke so mu gani, Auwal. Tarihin Shepherd Book, mai wa'azin da ya san bindiga, wanda katin shaidarsa ya sa sojojin Alliance suka yi masa magani nan take a "Safe", ba a ma fara buɗe shi a shirin ba. Haka dalilin da ya sa Inara, mai hayar ɗaya daga ƙananan jiragen kumbon, ta baro duniyarsu ta Sihnon. Malam Bashir, ka faɗa mana wane kashi ne ka ga alamar gajiya a cikinsa.

Malam Bashir: "Heart of Gold". Tsohon labarin kaboyi ne na kare gida daga azzalumin attajiri, ba abin da sararin samaniya ya ƙara masa. Ku sake kallonsa, sai mu ci gaba.