Rigimar kyaututtukan pinball: abin da aka tattauna

'Yan uwa, ga taƙaitawar doguwar muhawararmu kan yadda ya kamata a riƙa ba da lambobin yabo a tsakanin masu tara injinan pinball (wasan buga ƙaramar ƙwallon ƙarfe a cikin akwati mai rufin gilashi) da sauran injinan wasa masu cin kwandala.

1. Kusan kowa ya yarda cewa ƙuri'ar jama'a, irin ta TWIPY, kyautar pinball ta shekara-shekara a Amurka, farin jini take aunawa. Kamfanin Stern ya fi kowa fitar da injina, don haka ya fi yawan masu zaɓe. Ƙaramin kamfani kamar Spooky kuwa, mutane da yawa ba su taɓa buga injinsa ba, balle su zaɓe shi. Wannan ya dame ni, domin aikin kirki yana ɓacewa ta nan.

2. Wajen magani aka rabu. Wasu na son kwamitin alƙalai, wasu suka ce alƙalan ma suna da abokai a kamfanoni. Kaɗan suka ce a raba maki biyu, tsakanin jama'a da alƙalai.

3. Mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya. Babu jayayya.

4. Mai shirya kyauta kada ya shiga takara, kuma a faɗi wanda ya ɗauki nauyin bikin.

5. A wallafa ƙa'idoji kafin zaɓe, har da hanyar ƙorafi. An kawo misalin Twin Galaxies, mai adana tarihin makin wasannin bidiyo, da ta soke makin ɗan wasa Billy Mitchell na wasan Donkey Kong a 2018, maganar ta kai kotu, ba a sasanta ba sai 2024.

Batun bayyana adadin ƙuri'u bai kammalu ba: wasu na ganin gaskiya ce, wasu na tsoron kunyata wanda ya zo na ƙarshe.