Yarrow ɗina ya kwanta kuma yana cin wurin sauran furanni, ina mafita?

Uwar Biyu: Salam 'yan uwa. Bara na shuka yarrow mai farin fure a ɗan lambuna saboda ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi, an ce min ɗan asalin yankinmu ne baya son wahala. To ni dai na zuba masa taki sosai ina ba shi ruwa kullum, yanzu ya yi tsawo ya kwanta ƙasa kamar an taka shi, kuma sai tsirowa yake a tsakiyar wasu shukokin inda ban sa shi ba. In tuge shi ne kawai?

Mai Shebur: Wslm Hajiya. Kar ki tuge, gata ne ya yi masa yawa wallahi. Shi wannan tsiron ƙasa mara ƙarfi yake so, wadda ruwa baya kwanciya, da rana sosai, in ya samu taki sai karan ya yi laushi ya kasa ɗaukar kansa. Ki daina takin gaba ɗaya, ruwa kuma sai ƙasa ta bushe. Yaɗuwar kuwa ta ƙarƙashin ƙasa yake bi, ki tona kaɗan za ki ga wasu siraran jijiyoyi suna tafiya a kwance, kowacce ta ɗan yi nisa sai ta fito da sabon kai. Ki sare gefen da shebur, duk shekara 2 ko 3 ki raba gindin ki dasa wani wuri. Furen da ya bushe ki yanke shi kafin ya zubar da iri.

Ɗan Auta: Ni da na ga taken na zaci yaronki ne ya kwanta ba lafiya, har zan ce Allah ya ƙara sauƙi 😂

Malama Furanni: Kai Auta Allah ya shirye ka. Yaya, tsaya ki kalli furen da hantsi kafin ki yanke hukunci. Kan nasa shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, ƙananan furanni cunkushe, ƙwaro mai gajeren baki ma yana kaiwa ga ruwan zaƙin. Ba ƙudan zuma manya kaɗai ba, akwai wasu ƙudaje masu zanen rawaya da baƙi da ke tsayawa cak a iska, tsutsarsu ce ke cinye ƙwarin nan masu tsotse ganye. Ni farin nan na asali na fi so a kan ja da rawaya da ake sayarwa. Amma maganar ɗan asali, Turai da Asiya da Arewacin Amurka ne gidansa, Achillea millefolium sunansa a kimiyyance, wanda yake wani yankin daban gara ya nemi furen wurinsa.

Uwar Biyu: Na gode Malama, ashe ni na ɓata shi da kaina. Jiya da na taɓa ganyen hannuna ya ɗan yi ƙaiƙayi, shi ma takin ne?

Mai Shebur: A'a ganyen ne, wasu fatarsu bata jituwa da shi, ki sa safar hannu. In kina da mage ko kare kar ki bari su ci.