Mahaifiyata ta fara manta sana'ar da ta shekara talatin tana yi: tsufa ne ko ciwo?

Ɗiyar Aboabo:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Mahaifiyata tana da shekara 72, kuma ta haura shekara talatin tana sayar da shinkafa da wake a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ƙasar Ghana, ba tare da ta taɓa neman takarda wajen lissafin ciniki ba. Tun bayan azumin bara muka fara ganin sauyi. Ranar da hankalina ya fara tashi, na same ta tsaye a gaban tukunya da karan dafi a hannu, tana juya shi kamar ba ta san amfaninsa ba. Daga nan sai zuba gishiri sau biyu, sai bai wa mai saye canjin da ya fi kuɗin da ya bayar, sai maimaita tambaya ɗaya sau huɗu kafin la'asar. Makon jiya ta ɓace a Kejetia, kasuwar da ta sani kamar yunwar cikinta, sai wani yaron mota ne ya dawo da ita gida. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tana zargin matar yayana da ɗauke mata kuɗin adashi, alhali a cikin buhun gero muka same su, inda ita da kanta ta cusa su. Amma idan aka ɗauko labarin ƙuruciyarta a Salaga, babu sunan da take mantawa. Yayana ya ce gigin tsufa ne kawai, maƙwabta kuma sun fara raɗe-raɗin sammu. Me ya kamata mu yi?

Ma'aikaciyar jinya:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ba zan iya faɗin ciwonta daga nesa ba, amma abin da kika zayyana ya wuce mantuwar tsufa. Tsoho mai lafiya yakan manta inda ya ajiye carbi, daga baya ya tuna. Da yawa daga cikin dattawanmu ma har yau da tsohon sidi, kuɗin Ghana, suke lissafi, na kafin canjin kuɗi na 2007, wannan kuwa sabawa ce, ba ciwo ba. Abin da ke sa mu damu shi ne mutum ya rasa yadda ake aikin da hannunsa ya saba, ko ya ɓace a hanyar da ya sani, ko halinsa ya canja, kuma abin yana ƙaruwa wata bayan wata. Tuna Salaga da take yi kada ya ruɗe ku, domin a cutar Alzheimer, wadda ɗaya ce daga cikin cututtukan mantuwa, sabon abu ne ke fara gogewa, tsohon labari kuma yakan daɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu cutar mantuwa sun haura miliyan 55, kuma Alzheimer ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. A wurinmu kuma hawan jini da ciwon suga da ƙananan shanyewar jiki da ba a lura da su ba suna lalata jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, su kawo irin wannan hali.

Dalilin da ya sa nake matsa miki ki kai ta asibiti shi ne akwai abubuwan da ke kwaikwayon wannan ciwo kuma suna jin magani: ƙarancin bitamin B12, matsalar ƙwayar maƙogwaro da ake kira thyroid, ciwon damuwa, raunin ji, da wasu magungunan barci. Ku fara da asibitin da ke kusa da ku da katin inshorar lafiyarta, idan da buƙata za su tura ku babban asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, inda akwai likitocin ƙwaƙwalwa. Ki rubuta abin da ya faru da ranar da ya faru, ki tafi da dukkan magungunan da take sha, har da na gargajiya, kuma wanda ke kwana da ita ya raka ta, saboda a gaban likita irin waɗannan iyaye kan dage su nuna lafiyarsu lau. Idan kuwa wata rana ta ruɗe farat ɗaya, cikin awanni ko kwana biyu, ko bakinta ya karkace, kada ku jira gari ya waye.

Ɗan Asawase:

'Yar uwa, mun sha wannan da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kuma kuskurenmu shi ne mun yi kusan shekara biyu muna gardama da shi. Idan ya ce an sace masa hula sai mu yi ta rantsuwa, shi kuma ya ƙara fusata. Daga baya muka koyi cewa, "Baba, zo mu nema tare," kuma sau da yawa a nan rikicin ke mutuwa. Ki zauna da matar yayanki ki fahimtar da ita cewa ba ƙiyayya ba ce, domin mai hidima ce aka fi ɗora wa zargi. Mun ɗinka lambar waya a cikin aljihun rigarsa, mun sanar da ladan da masu shagunan layinmu, muka kuma raba shi da tukunyar gas. Kada ku raba Hajiya da sana'arta gaba ɗaya. A bar ta tana tsince wake tana gaisawa da masu saye, wani ya riƙe kuɗi da wuta. Maganar maƙwabta kuwa ku tare ta da wuri. Ba mu manta da Akua Denteh ba, tsohuwa mai shekara 90 da aka kashe a Kafaba, kusa da Salaga, a 2020 bisa zargin maita.

Malamin makaranta:

Alƙur'ani ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli, aya ta 70, inda aka ce akwai wanda ake mayarwa ga mafi raunin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan sani. Idan ta ruɗe a adadin raka'o'i kada a tsawata mata. Ki tsaya kusa da ita ku yi salla tare, ta riƙa bin ki. Ku yi mata addu'a, ku kuma kai ta wurin likita, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Ɗiyar Aboabo:

Na gode, Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa yayana amsoshinku, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya faɗa mini cewa watan jiya ta kira shi da sunan ƙanenta da ya rasu, bai gaya wa kowa ba. Mun shirya kai ta asibiti ranar Litinin, za mu ce mata awon hawan jini za a yi, wanda dama lokacinsa ya yi. Matar yayana ce ta ce ita za ta riƙe littafin rubuta abubuwan da ke faruwa.