Cire tamostat daga tsohon injin jirgin ruwa: dabara ce ko ɓarna?

Oga Ɗanladi: Maganar tsohon injin Yanmar 2GM20 da aka kawo daga Legas za a ɗora wa jirgi a dam ɗin Tiga, wanda ke zafi in ya yi minti 20 yana aiki. A cire tamostat, abin nan da ke tsare ruwan sanyaya inji har sai inji ya ɗauki zafi, a huta. An yi abin nan ne don ƙasashen sanyi. Watan Afrilu a Kano zafi kan haura digiri 40, me za a tsare ruwa a yi?

Injiniya Rabi'u: Oga, Allah ya ƙara girma, a nan ban bi ka ba. Wannan ba injin mota ba ne mai lagireto. Ruwan da jirgin ke kai shi yake zuƙa, ya zagaya da shi, ya fitar ta salansa. Tamostat ɗinsa tun wajen digiri 42 yake fara buɗewa, don kada gishirin teku ya daskare a hanyoyin ruwa. Abin da ke buɗewa a 42 ba shi ne zai sa inji tafasa ba, sai dai in ya maƙale. Mai harafin F a ƙarshe, wato 2GM20F, shi ne mai ruwa biyu, na cikin inji daban da wanda yake zuƙa daga waje, tamostat ɗinsa sai wajen digiri 71 yake fara buɗewa.

Oga Ɗanladi: To ai ka faɗa da bakinka. In ya maƙale fa?

Injiniya Rabi'u: Sai a gwada, ba a yar ba. A jefa shi a tukunyar ruwa kan risho, a sa ma'aunin zafi. In ya buɗe a inda ya kamata, lafiyarsa ƙalau. In ya ƙi, a jiƙa shi a ruwan kal ya kwana, a goge da burushi, a sake gwadawa.

Malam Habu: Ku bar tamostat tukuna, ku leƙa bayan jirgi. In inji na aiki, dole ruwa ya riƙa tsartuwa daga salansa tare da hayaƙi. In ya ragu, matsalar tana gaba. A fara da matatar da ke bakin shigar ruwa, ciyawa da leda ne ke toshe ta. Sannan a kwance murfin famfo a zaro imfela, robar nan mai fukafukai. Roba ce, in ta yi gudu ba ruwa ko na ɗan lokaci ne, ta ƙone. A ƙirga fukafukan. In ɗaya ya ɓace, yana nan maƙale a tiyo ko bakin bulok, wato gangar jikin inji, sai an nemo shi, in ba haka ba sabuwar ma aikin banza za ta yi. A shafa wa sabuwa ruwan sabulu kafin a zura, ba giris ba, giris na cin roba. Ruwan dam da damina laka ne da yashi, yana cinye cikin murfin famfo. In ya yi zane, a juya shi ta ɗaya fuskar, a goge fenti, a sa sabon gasket na takarda. Ko sisi ba a kashe ba.

Oga Ɗanladi: Duk na ji, Malam. Amma ku faɗa mini illar cirewar. Motoci nawa ke yawo a Kano ba tamostat?

Injiniya Rabi'u: Illa biyu. Akwai ɗan tiyo da ke kewaye bulok ya kai ruwa salansa kai tsaye. Tamostat ne ke raba ruwa tsakaninsa da bulok. In babu shi, ruwa ya bi hanya mai sauƙi, wani sashen kan silinda ya yi ta gasuwa ba a sani ba. Ta biyu, injin gas mai sanyi ba ya ƙone mai duka. Sauran ya wanke bangon silinda, ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi, ringi ya cika da gawayi, nozul ya fara ɗiga. Gudun sayen tamostat ɗaya, a ƙare da sauke inji.

Usaini: Iyayena, a yi mini afuwa in sa baki. Ba wanda ya ambaci gwiwar salansa, inda ruwa ke haɗuwa da hayaƙi. A injin da ya sha teku, tsatsa da gawayi kan cike ta har ramin ya koma kamar na biro. Alamarta zafi, baƙin hayaƙi, inji ya ƙi ɗaukar wuta. A kwance ta a duba da tocila. In ta rube a canza, kada a yi mata walda, don in ta ɓule ta ciki ruwa zai koma kan bawul.

Malam Habu: Yaro ya yi gaskiya. Kuma tunda Tiga ba gishiri, ana iya sa tamostat mai ɗan zafi, inji ya fi ƙona mai da kyau.

Injiniya Rabi'u: Ba yanzu ba, Malam. Bulok ɗin na ɗauke da ɓawon gishirin shekaru. A fara zagaya masa ruwan tsami da ƙaramin famfo daga bokiti, awa 2 zuwa 3, a ɗauraye, a duba zink ɗin da ke jikin bulok, ɗan ƙarfen nan da ke kare shi daga rubewa.

Oga Ɗanladi: To a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano wa ke da imfelar Yanmar? Ku ba ni amsa.

Usaini: A tafi da tsohuwar a hannu, Oga, a auna faɗi da kauri da ramin shaf. In ba a dace ba sai saƙo daga Legas, kuma a sayo biyu.