Neman kalmar Hausa: me za mu kira "cocktail" da "hot toddy"?

Mafassariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman kalmar Hausa ta "cocktail", wato barasar da ake haɗawa da wasu kayan sha, da kuma ta wani nau'insa da ake kira "hot toddy", wanda mutanen Amurka da Birtaniya ke haɗawa a gida da wiski idan sanyin kaka ya shigo, daga Satumba zuwa Nuwamba. Kalmomin suna yawan fitowa a fassarar labarai da takardar jerin abinci ta otal. Wasu na rubuta "abin sha mai ɗumi", amma duk wanda ya karanta haka zai ɗauka shayi ne. Sharaɗina ɗaya ne: sunan ya sanar da mai karatu cewa akwai barasa a ciki tun kafin ya kai kofi baki.

Ɗan Jos:
Wa alaikumus salam, Yaya. Kafin a raɗa suna, a san abin tukuna. Na kofi ɗaya ana sa wiski mililita 50 zuwa 60, zuma babban cokali ɗaya, ruwan lemon tsami mililita 15, ruwan zafi kamar mililita 150, sandar kirfa ɗaya, da yankan lemo da aka soka wa kanumfari huɗu ko biyar. Lemon da suke amfani da shi babba ne, rawaya. Ƙaramin kore irin na kasuwanninmu ya fi kaifi, mililita 10 ya isa.

Ana fara ɗauraye kofin da ruwan zafi a zubar, don kofi mai sanyi yana shanye zafin nan da nan, in kuma siririn gilashi ne yana iya tsagewa. Sai a narkar da zumar a ruwan zafi, a zuba ruwan lemon, wiski ya zo a ƙarshe. Ruwan ma ba da tafasarsa ake zubawa ba, ana barin sa ya ɗan huce na minti ɗaya ko biyu. Dalili kuwa, barasa tana tafasa a digiri 78, ruwa sai ya kai 100, to ruwan da ke kan tafasa yana tayar da tururin barasar ya bugi hanci, ya danne ƙamshin gangar itacen da wiskin ya shekara a ciki. Amma kada wani ya ɗauka zafin ya kore barasar. Tana nan, kuma wiski ba ya gaza kashi 40 cikin ɗari a kwalba.

Garin kirfa yana ɓata shi, ba ya narkewa, sai ya taru a ƙasan kofi ya yi kauri. Kanumfari in ya yi yawa yana kashe harshe. Yankan lemon kuma in ya daɗe a ruwan zafi, farin da ke ƙarƙashin ɓawon yana sakin ɗaci.

Baba Manazarci:
Madalla da wannan bayani, ɗana. Kalmar "toddy" daga Indiya Turawan Ingila suka ɗauko ta, kuma a can sunan ruwan da ake tatsa daga bishiyar giginya ko kwakwa ne, wanda ke tsami ya zama giya. Wato ɗan'uwan bammi. Saboda haka wani zai iya cewa a kira shi "bammi mai zafi". Ban goyi baya ba. Abin da ake sha yau babu ɗigon bammi a cikinsa, kuma Bahaushe in ya ji bammi, farin ruwan nan na kudu zai gani a ransa.

Shi kuwa "cocktail", a 1806 wata jarida a garin Hudson na jihar New York ta bayyana shi da abu huɗu: barasa mai ƙarfi, sukari, ruwa da ɗaci. Ashe tun asali haɗi ne mai ma'auni. Shi ya sa na fi son "haɗin barasa" a kan "gaurayen barasa". Gauraye bai damu da awo ba, a zuba kawai a juya. Haɗi kuwa kalmar madafa ce, muna cewa haɗin shayi, haɗin salak, kowa ya san akwai hannun gwani a ciki.

Ɗan Damagaram:
Ranka ya daɗe Baba, me zai hana "tsimin wiski"? Kirfa da kanumfari da zuma ai kayan tsimi ne. A Faransanci kuma ana kiran irinsa "grog", sai dai su da barasar rake suke yi.

Hajiya Mai Girki:
A'a ƙanena, tsimi bai hau ba. Tsimi sai ya kwana, wani har kwanaki, kafin ƙarfin saiwa da ɓawo ya fito. Wannan a minti biyar ake haɗawa a shanye da zafinsa. Ga shi kuma tsimi yana da wata ma'ana a wajen mata da za ta karkatar da mai karatu, kuma yana sa a ji kamar magani ne. Turawa da yawa na shan sa in mura ta kama su, amma barasa ba ta warkar da mura, abin da ke sanyaya maƙogwaro shi ne ruwan ɗumin da zumar. Kada sunanmu ya ba shi darajar magani.

Akwai wani tarko da ya fi wannan. Akwai wanda ake yi da kaka a Amurka da "cider" maimakon ruwa. A Amurka kalmar tana nufin ruwan tuffa da aka matse ba a tace ba, babu barasa. A Birtaniya kuwa giyar tuffa ce. Dole mai fassara ya duba ƙasar da rubutun ya fito, ya ce "ruwan tuffa" ko "giyar tuffa". Yadda ake yi: ruwan tuffa lita ɗaya, sandar kirfa biyu, kanumfari biyar, ɗanyar citta yanka uku ko huɗu, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan na minti 20. In aka bari ya yi ta tafasa, ruwan yana ƙonewa, zaƙin ya yi yawa, ɗanɗanon tuffar ya mutu. A tace, sannan su zuba wiskin a kofi, ba a tukunya ba. Sun fi sa wanda ake kira "bourbon", don dokar Amurka ta ce masara ta kai aƙalla kashi 51 na hatsinsa, shi ya sa yake da ɗan zaƙi. Abin da ke tukunyar kafin a sa wiski yara ma suna sha, wannan "dafaffen ruwan tuffa" ne kawai.

Ɗan Damagaram:
Na karɓa, Hajiya. Saura "kaka". Kakarmu lokacin girbi ce, a Oktoba ana zufa a Damagaram da Kano, to ina sanyin yake? Ko a ce hunturu?

Hajiya Mai Girki:
A bar kaka. A lokacin suke girbin tuffa, kuma hunturu da ƙurarsa namu ne. In ana son a nuna sanyi, a rubuta "sanyin kakar Turai".

Mafassariya:
Na gode ƙwarai, Baba da sauran 'yan'uwa. Zan ɗauki "haɗin barasa" ga "cocktail", da "haɗin wiski mai ɗumi" ga "hot toddy". Wanda babu barasa, da suke kira "mocktail", ina ganin "haɗin lemo" ya wadatar.

Ɗan Jos:
Ya yi, Yaya, amma a kula da ɗacin da Baba ya ambata. Shi ne "bitters", ana sayar da shi a ƙaramar kwalba, ɗigo biyu ko uku ake sawa, don haka ina ba da shawarar "ɗigon ɗaci". Wanda ya fi shahara, Angostura, ana yin sa a Tirinidad, kuma barasarsa ta kai kashi 44.7 cikin ɗari. Shi ake ɗigawa a Chapman da ake rabawa a bukukuwa da otal-otal na Najeriya a matsayin lemo. Duk inda ɗigon ɗaci ya shiga, kada a rubuta "haɗin lemo" a yi shiru, a ƙara "da ɗigon ɗaci mai barasa" a gabansa.