Wane layin haidurojin ne ke yanke boltejin tsayarwa?

Ɗan_Lab: Assalamu alaikum 'yan uwa. An haska farantin fotasiyam da fitilar haidurojin. Kuzarin da ake buƙata a ɓamɓaro ilektiron daga fotasiyam kusan 2.3 eV ne (eV, wato ilektiron-bolt, ma'aunin kuzari ne). Hasken kuwa ba launi ɗaya ba ne, akwai ja, shuɗi da shunayya, kowanne da layinsa, wato tsawon zangonsa na daban. Da wane layi za a lissafa boltejin tsayarwa? Ko matsakaicinsu ake ɗauka?

Malam_Fiziks: Wa alaikumus salam. Ba a ɗaukar matsakaici. Boltejin tsayarwa shi ne wanda zai mayar da ilektiron mafi gudu baya, don haka foton (ƙwayar haske) mafi kuzari da ya kai ga farantin shi ke yanke hukunci. Ka raba 1240 da tsawon zangon hasken a nanomita (nm) ka sami kuzari a eV, sannan ka cire 2.3.

Jan layi na 656 nm yana da 1.89 eV, bai kai 2.3 ba. Ko ka ƙara masa haske ninki ɗari, ilektiron ɗaya ba zai fito ba. Na 486 nm yana da 2.55 eV, ya ba da 0.25 V. Na 434 nm, 2.86 eV, 0.56 V. Na 410 nm, 3.02 eV, 0.72 V. Jerin Balmer, wanda waɗannan layukan ke cikinsa, ya ƙare a 13.6/4, wato 3.4 eV, iyakarsa ke nan 1.1 V.

In tambayar littafi ce ta ce ilektiron na haidurojin ya sauko daga matakin kuzari na 2 zuwa na 1, wannan jerin Lyman ne: 10.2 eV, amsa 7.9 V. A ɗakin gwaji ba za ka ga wannan ba, domin gilashi da iska duk suna shanye hasken 122 nm.

Injiniya_Hasken_Wuta: Lissafin Malam daidai ne, amma ɗan uwa kada ka sa ran mita za ta nuna maka 0.72 cif. Layukan shunayya (434 da 410 nm) suna da rauni ƙwarai, ilektiron ɗinsu kaɗan ne, sai kwararar lantarkin ta yi ta raguwa sannu a hankali ba tare da yankewa a wuri ɗaya ba. Kana buƙatar mita mai auna pikoampiya, wato kwararar lantarki 'yar ƙanƙanuwa ƙwarai, kuma a rufe bututun da farantin ke ciki daga hasken ɗaki.

Matsala ta biyu ita ce tururin fotasiyam da ke mannewa a jikin anod, wato ƙarfen da ke karɓar ilektiron. In haske ya taɓa anod ɗin, shi ma sai ya saki ilektiron ta kishiyar hanya, mita ta nuna sifiri tun kafin a kai boltejin gaskiya. A saita hasken ta ƙaramar kafa ya faɗa kan katod, wato farantin fotasiyam, kaɗai.

Abu na uku, wanda littattafai da yawa ke tsallakewa: idan ƙarfen anod da na katod sun bambanta, abin da mita ke nunawa shi ne kuzarin foton a cire kuzarin ɓamɓaro ilektiron daga anod, ba daga katod ba.

Malam_Fiziks: Shi ya sa ake ware layukan ɗaya bayan ɗaya da matatar launi ko firizim, a zana bolteji a kan yawan kaɗawar haske. Gangaren layin zanen ya fito kusa da h/e (lambar Planck a raba da cajin ilektiron), wato 4.14 × 10⁻¹⁵ V·s, kamar yadda Millikan ya nuna a 1916. Bambancin ƙarafan yana matsar da layin sama ko ƙasa, amma ba ya taɓa gangarensa.

Ɗan_Lab: Na gode Malam, na gode Injiniya. Ke nan da fotasiyam ɗigo uku kacal zan samu a zanen, tunda ja ba ya aiki.